Lauya a Zauren Baba

Ƙanena Sharafaddeen lauya ne, kuma ni na goya shi, don haka babu mai hana ni faɗin abin da idona ya gani. A gari Barista ake ce masa, a gida Sharafa, Inna kuwa Auta take kiransa har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ni sunana Zulaihatu, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba, don ni ce ta fari. "Ke wagga" take ce mini, ni kuma in amsa.

Mu 'yan Illela ne, gidan fatauci. Babanmu, Allah ya jiƙansa, albasa ya yi ta jigila tsakanin nan da Ƙonni har ƙarfinsa ya ƙare, mazan gidanmu duk suka bi sawunsa. Sharafa ne kaɗai ya fita daban. Tun yana ɗan mitsitsi in an aike shi sayen gishiri sai ya tsaya gardama da mai tebur a kan awo, miya tana jira a wuta. Baba ya ce wannan bakin korar masu saye zai yi, a bar shi ya yi boko. Ya yi karatunsa a Sakkwato, ya je makarantar lauyoyi, ya dawo ya zauna ƙarƙashin wani babban lauya a birni, yana ɗaukar masa jaka zuwa kotu yana koyon aiki.

Bayan rasuwar Baba idon Inna ya fara dushewa, sannu a hankali har ya rufe. Sauran 'yan'uwanmu maza kullum suna kan hanya, wannan yana Legas wancan yana Agadas, ni kuma ina gidan mijina, sai dai in zo da safe in koma da yamma. Sharafa ya tattara kayansa ya dawo gida, ya ce a Illela zai buɗe ofis. Ranar da ya iso Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta shafa ta sake shafawa, ta ce ya rame. Ƙarya ne, tumbi ma ya ajiye a birni.

Ofishin nan na Sharafa abin kallo ne. Ya kama shago a bakin babban titin da ya miƙe zuwa iyaka, ya cire ƙyauren ƙarfe ya sa ƙofar gilashi, wadda in kana tsallaken titi kana hango har takalmin wanda ke zaune a ciki. Ya kafa allo da Turanci. Kullum da safe ya toshe kunnuwansa da igiyar waya yana sauraren wasu mutane da ke koya wa lauyoyi yadda za su ci gaba, su buɗe shafi a intanet, su riƙa ɗora hotuna, su bari jama'a su ga ana zuwa wurinsu. Ba duk shawararsu ce banza ba, gaskiya. A wurinsu ya koyi ɗaukar hoton kowace takarda da waya ya adana ta inda gara da gobara ba sa kaiwa. Ya sa sola don kada ya zauna jiran wuta. Ya riƙe layi biyu, namu da na Nijar, tunda a garin nan wayarka tana aljihu sai ta tsallaka iyaka ba ta yi maka sallama ba.

Abin da malaman nan na cikin waya ba su sani ba shi ne, daura da ƙofar gilashin akwai teburin mai shayi, kuma majalisar da ke wurin ba ta tashi sai dai a sauya masu zama. A wurinmu mutum ba ya shiga ofishin lauya ana kallo. In an gan ka, to kafin ka fito an gama yanke cewa ɗan'uwanka za ka kai kotu, ko surukinka, ko abokin cinikinka, har an zaɓi wanda ke da gaskiya. Na faɗa wa Sharafa haka tun ana ɗaura ƙofar.

Ya ce, "Yaya, duniya ta canza."

Na ce, "To, Allah shi sa ta biyo ta Illela."

Damina ta wuce yana zaune shi kaɗai cikin kwat, fanka tana kaɗa takardu. In na biyo daga kasuwa da ƙunshin atamfofina nakan leƙa in ce, "Barista, yau ma layi ya yi yawa?" Ya yi dariyar yaƙe. Ina tsokanarsa ne, amma raina ba daɗi, don na san yaron nan ya iya aikinsa.

Mutum na farko da ya yi ƙarfin halin tura ƙofar nan shi ne Maccido, wani dillalin shanu daga Araba. Na san gidansu, matarsa Hadijatu a wurina take ɗaukar zane. Su uku ne maza, da wansa Lawwali da ƙanensu Bashar da ke zaune a Ƙonni, kuma uba ya bar musu gonar fadama da ba su raba ba, tare suke nomanta. Sharafa ya zauna da Maccido ya saurare shi ya ba shi shawara, mutumin ya ji daɗi ƙwarai. Da zai tafi Sharafa ya ce su yi hoto. Maccido ya gyara hula ya tsaya, a zatonsa hoton tarihi ne irin na ranar suna. Shi kuwa gogan naku, saboda murnar ya samu mutum, ya ɗora hoton a shafinsa, ya rubuta a ƙasa cewa ga wani da ya zo da maganar gona ya tafi da farin ciki.

Kafin Maccido ya gama zagayen kara, kasuwar shanu, ya hau mota, hoton ya riga shi isa Araba.

Ku da kanku kun san abin da Lawwali zai ɗauka. Ƙanensa a ofishin lauya, maganar gona, ba wanda ya shawarta. A gidansu tun zamanin ubansu a zaure maza ke cin abinci, kowace mata ta kawo kwanon mijinta a haɗa a ci tare. A ranar Lawwali ya ce a kai masa nasa ɗaki. Maccido ya yi rantsuwa har ya gaji, Lawwali ya ce ba ya jin rantsuwar wanda ya je ya yi hoto da lauya yana murmushi. Bashar ya bugo daga Ƙonni yana cewa in kotu ake so shi ma ya san hanya. Matan gidan suka daina aron wuta a tsakaninsu.

Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, Maccido ya zo ya tsaya a bakin ƙofar gilashin, bai shiga ba. Bai ɗaga murya sosai ba, amma majalisar mai shayi ta yi tsit don kada kalma ta wuce ta.

Ya ce, "Barista, na zo maka da sirrina, ka kai ni kasuwa. Mi na yi maka?"

Ya juya ya tafi. Daga ranar aka sa wa ƙanena suna lauya mai tallan mutane. 'Yan ƙalilan ɗin da ke yi masa tambaya ta waya ma suka ɗauke ƙafa.

Ana cikin haka wani abokin karatunsa ya kira shi daga Abuja, ya ce akwai gurbi a ofishinsu, ya zo ya bar ƙauye. Sharafa bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya shirya akwati ya tura ƙarƙashin gado. Yana ganin tunda Inna ba ta gani ba za ta sani ba. Inna kuwa takan lallaba ta shiga ɗakinsa da hantsi ta zauna a bakin gadon, ranar nan diddigenta ya bugi akwatin, ta sunkuya ta jijjiga shi ta ji nauyinsa. Ba ta ce masa komai ba. Ni ce na shiga uku, don kullum na yi sallama da safe, kafin ta amsa gaisuwata sai ta jawo hannuna ta rage murya.

"Ke wagga, akwatin na nan?"

"Yana nan, Inna."

Sai ta saki hannuna ta ce to, ina kwana. Abincinta ya ragu, ta daina sauraren rediyo. Tsoro ya kama ni, don na san in Auta ya tafi tsohuwar nan ba za ta daɗe ba.

Na je ofishin da niyyar in wanke shi tas, kuma na wanke shi. Na ce masa duk karatun da ya yi bai koya masa cewa fuskar mutum ma sirri ce ba? Ya ce ai ya goge hoton. Na ce gogewar ta mai da kwanon Lawwali zaure? Ya sunkuyar da kai yana murza biro. Can ya ce mini ya riga ya kira tsohon maigidansa na Sakkwato ya faɗa masa komai, dattijon ya yi masa faɗan da ya fi nawa zafi. Dattijon ya ce masa wanda ya zo neman shawara amana ne tun daga takalminsa da ya cire a ƙofa, ko zuwan da ya yi ba a faɗa, balle abin da ya kawo shi. Sharafa ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Yaya, ko zan tahi, ba ni tahiya da haƙƙin mutumen ga. Araba za ni."

Ya je ya ɗauko Kawu Isa, ƙanen Baba, don yaro ba ya zuwa ban haƙuri gidan manya shi kaɗai. Aka sayi goro. Ya ajiye kwat ya sa kaftani. Ni ma na yafa mayafi na ce zan kai wa Hadijatu sababbin zannuwa, kowa ya san ƙarya nake, ba wanda ya hana ni shiga motar.

A Araba maza suka zauna a zaure, mu mata muka jeru a bayan bango kamar masu tsintar wake, ba mai tsintar komai. Kawu ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ajiye goro, ya ce ɗansu ya yi kuskure sun zo a yafe. Sharafa ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, Maccido bai san za a ɗora hoton ba. Lawwali ya ce ya ji, amma hoto bai dame shi ba, abin da ya kai ƙanensa wurin lauya shi yake son sani.

A nan ne na san ƙanena ya yi hankali. Ya juya wajen Maccido ya ce, "Malam Maccido, maganar taka ce. Ka ba ni izini in hwaɗe ta gaban yayanka?"

Maccido ya ce, "Hwaɗi. Ni na hwaɗa ba a yarda ba."

Sharafa ya ce Maccido ya zo ne saboda ya ga ana ta saye filaye a bakin hanya ana kafa turaku, ya ji tsoron wata rana a wayi gari wani ya zo da takarda ya ce fadamar tasa ce. Tambayarsa ita ce yaya za a yi wa gonar takarda da sunan su ukun, yadda ba mai iya sayar da ko taki ɗaya sai da sauran. Ya so ya fahimci abin tukuna kafin ya kawo wa wansa, don kada ya zo da magana rabi.

Hadijatu ta damƙe mini hannu. Da Lawwali ya buɗe baki, tambaya ya yi. Wace takarda ce? Wa ke sa hannu? In ɗaya ya rasu, 'ya'yansa fa? Hakimi da maƙwabtan gona suna da ta cewa? Sharafa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Hausar gidanmu, babu Turanci ko kalma. Ni da na goya shi ban taɓa jin ya yi bayani mai daɗi haka ba.

Lawwali ya ce, "To, saura na Ƙonni, shi ya hi kowa zahi, kuma ba ya karatun boko. Maimaita wanga bayani cikin wayag ga in tura mai."

Sharafa ya karɓi wayar, ya ce zai yi, amma ba zai ambaci sunan kowa ko sunan gona ba. Ya danna ya yi magana kamar yana zaune da mutum, ya faɗi abin da 'yan'uwa za su yi in suna da gonar gado da ba su son ta salwanta. Aka tura. Aka ci gaba da hira sama-sama, azahar ta yi suka je masallaci suka dawo. Mu dai a ciki ido muke zubawa mu ga inda kwano zai nufa. Sai muka ji muryar Lawwali daga zaure yana cewa a kawo abinci nan, duka. Matarsa ta tashi da sauri har zanenta yana kama ƙafarta, Hadijatu kuwa ta sa fuska a mayafina ta yi ta kuka. Ni ma na sauke ajiyar zuciyar da na daɗe ina riƙe da ita.

Mun dawo gida da sauƙin rai, amma akwati yana nan inda yake, don yafiya ba ta cika ofis. Abin da ba mu sani ba, Bashar ya ji saƙon ya huce, ya tura wa abokinsa, abokin ya tura wa 'yan kara. Wata Lahadi ina cikin rumfata sai na ji muryar Sharafa tana fitowa daga aljihun wani Buzu da ban taɓa gani ba. Ba a jima ba wata mata daga Garu ta turo mini saƙon a wayata, wai in saurara, wani malami ne mai hankali. Na ce mata malamin nan ni na yi masa wankan jego.

Layinsa na Nijar ya fara ƙara, na gida ma haka. Kowa da tambayarsa, kuma kusan kowa da irin roƙonsa: "Barista, ina za mu gan ka, ban da wurin gilashin nan?" Sai ya ce su same shi a gida bayan la'asar. Zauren Baba kuwa kowa na shiga, mai gaida Inna, mai neman Kawu, mai jiran a sauke albasa, ba wanda zai ce ga abin da ya kawo ka. Da ya ga haka ya kwaso tebur da kwamfuta da firinta ya zuba a ɗan ɗakin da ke jikin zauren, wanda Baba ke ajiye buhuna. Shagon titi ya sake shi, yanzu wani mai sayar da wayoyi ke ciki, shi gilashin ya yi masa rana.

Duk Juma'a yakan yi saƙon murya guda, gajere, a kan abu guda. Ku rubuta sharaɗin haɗin gwiwa kafin shanu su hau mota, ba bayan sun isa Kudu ba. Kada ka sa hannu a takardar Faransanci sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Ka yi wa takardun kwastan hoto tun kana bakin iyaka. Ga yadda ake yi wa sunan kasuwanci rajista, ga amfaninta. Ba ya kiran sunan kowa, ba ya yabon kansa, ya ce dokar aikinsu ma ba ta yarda lauya ya yi talla irin ta mai maganin basir ba. Ya gane cewa mutanenmu ba shari'a suke nema ba, hanyar kauce mata suke nema, sai ya mai da ƙarfinsa kan yarjejeniya da rajista da sulhu. Ya ƙulla da wani lauya a tsallaken iyaka suna tura wa juna aiki, tsohon maigidansa ma in magana ta shafi iyaka shi yake turo wa. Mata kuma ta wayata suke biyowa, in haɗa su da shi, in fita in ba su wuri, ko da yake Allah ya sani fitar nan tana yi mini wuya.

Yanzu har sababbin lauyoyi ke kiransa daga birni suna tambayar yadda ya yi. Na taɓa jin yana ce wa wani, ka sayi sola kafin ka sayi kujerar alfarma, ka amsa saƙon mutum a ranar da ya turo, ka yi magana da harshen da uwarsa ke yi masa faɗa, sannan ka zauna ka kalli yadda mutanen garinku ke shiga gida kafin ka yanke inda za ka sa ƙofa. Wayar da ke hannunka kuwa, in ji shi, ta aiki ce, kada ka kuskura ka nuna fuskar kowa da ita.

Bai taɓa zama ya ce wa Inna ya fasa tafiya ba, irin kunyar nan tasu ta ɗa da uwa. Abokinsa na Abuja dai tuntuni Sharafa ya ba shi haƙuri ya ce ba zai zo ba, ni na sani, na kuma faɗa mata, amma ta ce ita akwati ta sani. Kullum sai ta tambaya.

Ran nan na zo da hantsi na tarar da takalma sun cika ƙofar zaure. Maccido ne da Lawwali da Bashar da ya taso daga Ƙonni, da maƙwabtan gonarsu da za su yi shaida, an zo sa hannu a takardar fadama. Ana ta gardama ana dariya, muryar Sharafa ta fi ta kowa. Na ratsa na shiga ciki. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kunne wajen zauren. Na durƙusa na miƙa mata hannu ina jiran tambayar da na saba, sai ta amsa gaisuwata kai tsaye, har da tambayar yara.

Ta ce, "Ke wagga, ki ce ma Auta mutanenai sun cika min gida da surutu, ko rediyo ba ni ji."

Na ce, "In kore su, Inna?"

Ta ce, "Wa ya aike ki? Dama musu hura." Sannan ta ce, "In kin gama, akwatin ga da ke buge min ƙahwa, ki zazzage kayan ki mai da su cikin durowa. Shi kuma ki kawo min shi, tsummokarana sun rasa wurin zama."

Na ce to. Na shiga kicin na ɗauko ƙwarya da ludayi, na zauna ina dama fura, hawaye suna zuba, ban ko share su ba. Daga tsakar gida na ji Inna tana kiran wata jikarta ta zo ta kunna mata rediyo.